Masu jiran jirage: kwana huɗu a gaɓar tekun Bask

Sai da na shekara talatin da huɗu a duniya kafin na ga teku da idona. Ni ɗan Damagaram ne. Ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne tafkin Gidimuni, sai Tafkin Chadi da muke jin labarinsa a bakin fataken banda masu zuwa daga wajen Diffa. Shi ya sa da aka tura ni kwas na wata uku a Bilbao, birni mafi girma a ƙasar Bask da ke arewacin Sifaniya, ina ajiye jaka na tambayi mai masaukina ina tekun yake. Ta ce ba a cikin gari yake ba. Bilbao a bakin kogi take, sai an bi kogin fiye da kilomita goma kafin a kai inda yake zuba.

Asabar ta farko na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Portugalete. A nan akwai wata gada ta ƙarfe da aka gina a 1893, wadda ba a bi ta kanta da mota. Wani ɗaki ne aka rataye da igiyoyin ƙarfe, mutane da motoci su shiga, ya yi ta shawagi a saman ruwa har ya kai su ɗaya gaɓar. Daga nan na taka zuwa Santurtzi, na tarar da mutum-mutumin wata mace da kwandon kifi a kanta. Aka ce min matan garin a da haka suke ɗauko sadin da ƙafa, suna bin bakin kogi har Bilbao suna talla. Na tsaya na daɗe ina kallonta, don tsayuwarta da ɗaurin zanenta ba su bambanta da na masu tallar nono da ke shigowa garinmu da hantsi ba. Tun ranar na ƙudura cewa in na sami hutu, ƙauyukan masunta zan nufa.

Hutun ya zo a ƙarshen watan Mayu. Ranar Talata da safe na hau jirgin ƙasa na Euskotren zuwa Bermeo, da kati ɗaya da ake kira Barik, wanda ake biyan jirgi da bas da shi duka. Ana ta wani yayyafi mai laushi kamar gari, wanda ba ya ƙara kuma ba ya ɗaukewa. Sirimiri suke ce masa. Jirgin ya tsaya a Gernika, garin da jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi wa ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu 1937, ranar Litinin ta kasuwa. Ban sauka ba, amma na yi shiru har muka wuce. Bayan Gernika layin dogo ya bi bakin fadamar Urdaibai, inda kogi da teku suke haɗuwa, har muka iso Mundaka, wurin da samari daga ƙasashe daban-daban ke zuwa hawan igiyar ruwa a kan allo. Daga tagar jirgin na fara ganin tekun sosai, toka-toka, babu iyaka, da wani tsibiri shimfiɗaɗɗe mai suna Izaro a tsakiya.

Bermeo gari ne na mutum wajen dubu 17. Ana fita daga tasha sai tashar jiragen ruwa, kuma ƙarnin kifi da warin gas su ne ke yi wa baƙo maraba. Gidajen da ke kewaye da tsohuwar tashar dogaye ne, sirara, manne da juna, kowanne da launinsa, kuma duk tagoginsu ruwa suke kallo. Ban ga gidan da ya ba teku baya ba. Daga baya na gane dalili: matar da ke cikin gida tana buƙatar ta ga jirgin mijinta yana shigowa ba tare da ta bar tukunya ba.

A saman tashar akwai wata tsohuwar hasumiya ta dutse, Ercilla, wadda aka mayar gidan tarihin masunta. Na shiga don in fake wa ruwa, na ƙare da yin awa uku. A nan na san labarin balea, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayarwa da ke fesa ruwa ta ka, wadda muke ji a rediyo ana kira kifin wel. Ɗaruruwan shekaru mutanen wannan gaɓa farautarta suke yi. Akwai mai tsaro a kan tudu, idan ya hango ta sai ya tayar da hayaƙi, maza su ruga cikin ƙananan kwale-kwale da masu, kuma garin da ya fara soka shi ke da babban rabo. Man jikinta ake sa wa fitilu. Da ta yi ƙaranci a nan, suka bi ta har gaɓar Kanada tun a ƙarni na 16. Ta ƙarshe da aka kama a wannan yanki a Orio ne, a 1901. Har yau hotonta na nan a tambarin Bermeo da Lekeitio da Ondarroa, alhali dabbar kanta ta ƙare a ruwansu.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne labarin galerna. Wata guguwa ce da ke tasowa farat ɗaya daga arewa maso yamma a ranar da ake zafi, sama tana tas, iska a kwance. A daren 12 ga Agusta 1912 ta riski jiragen filafilai da suka yi nisa wajen kamun tuna. Mutum 143 suka mutu, 116 daga cikinsu 'yan Bermeo ne, sauran daga Lekeitio da Elantxobe da Ondarroa. Na yi ƙoƙarin kwatanta unguwarmu a ce an wayi gari babu magidanta da samari ɗari da goma sha shida, kuma yawancinsu babu gawar da za a yi wa sutura. Na kasa. Da na sauko bakin ruwa na ga wani mutum-mutumi na masu hangen teku, sunansa Badatoz. Wata tsohuwa da ke zaune kusa ta fassara min da Sifaniyanci da hannu: "ga su nan tafe". Kalmar da gari duka ke jiran ji ke nan.

Harshen nasu, Euskara, ba shi da dangi a cikin harsunan duniya da ake magana da su yau. A zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifaniya, daga 1939 zuwa 1975, an kore shi daga makaranta da ofis, amma a waɗannan garuruwan bakin ruwa bai taɓa barin bakin mutane ba. Yara da shi suke wasa a titi. Na koyi kalma uku, kaixo don sallama, eskerrik asko don godiya, agur don ban kwana, kuma duk inda na faɗe su fuska takan saki.

Da daddare na ci marmitako, abincin da masunta ke dafawa a cikin jirgi: dankalin turawa da albasa da jan tattasai busasshe, a jefa gutsattsarin tuna a ƙarshe a sauke kafin ya bushe. Ɗanɗanon tattasan ya kai ni Diffa kai tsaye. Ga Musulmi, cin abinci a gaɓar nan ya fi sauƙi a kan cikin Sifaniya, don kifi ne ko'ina. Abin lura kawai shi ne ƙananan lomomin da suke jerawa a kan kanta, pintxo, waɗanda sau da yawa akan ɗora musu yankan naman alade, sai kuma a tambaya ko an zuba giya a miya. Rana ba ta faɗi ba sai bayan tara da rabi, na yi Magariba a ɗakina ina jin kukan tsuntsayen teku.

Wani abu da na lura da shi a Bermeo: manyan jiragen da suka sa garin ya yi suna ba sa nan. Kamfanoninsu ne a garin, su kuwa jiragen suna can Tekun Indiya da gaɓar Afirka ta Yamma suna kamun tuna suna daskarewa. Ɗaya daga cikinsu, Alakrana, shi ne 'yan fashin tekun Somaliya suka kama a watan Oktoba 2009 suka riƙe kwana 47. Cikin mutum 36 da ke jirgin akwai 'yan Ghana da Senegal da Kwaddibuwa. Na riƙe wannan a zuciyata, ban san zan sake cin karo da shi ba.

Laraba da sassafe na je Gaztelugatxe, wanda shi ne hoton da kowa ke gani idan ya nemi wannan yanki a intanet. Wani dutse ne a cikin teku, an haɗa shi da gaɓa da siririyar gada, da matakala 241 zuwa wata ƙaramar coci a ƙololuwa da aka sa wa sunan Yahaya mai baftisma. Shiga kyauta ne, amma a lokacin cunkoso sai an yi rajista tun kafin a zo. Wurin yana da kyau ƙwarai, ba na musun haka. Sai dai tun da aka ɗauki wani shiri na talabijin a can, jama'a suka yi yawa, kowa waya a sama. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙananan jiragen katako da hotuna da aka rataye a cikin cocin, sadakar waɗanda suka tsira daga teku. Masunta ba don hoto suke zuwa wurin ba.

Na koma Gernika na hau bas zuwa Elantxobe. Wannan ƙauye rataye yake a jikin dutsen Ogoño, gidaje bisa gidaje har zuwa ruwa, kuma filin da ke saman garin ya yi ƙanƙanta har bas ba ta iya juyawa. Sai suka yi wani faifai na ƙarfe a ƙasa, bas ta hau, faifan ya juya da ita ta fuskanci inda ta fito. Na sauka ƙasa ta lunguna masu santsi. Tagogi da yawa a rufe suke. Mutanen ƙauyen 'yan ɗaruruwa ne kawai yanzu, kuma jiragen da ke tashar yawancinsu na shaƙatawa ne. Wani dattijo da ke gyaran ƙugiya ya nuna min gidaje da yatsa, wannan na 'yan Bilbao ne masu zuwa da rani, wancan ma haka. Bai yi ƙorafi ba, lissafi kawai yake yi.

A Lekeitio na kwana. A nan ne na ga abin da na karanta a makaranta ban yarda da shi sosai ba, wato cika da janyewar teku. Da yamma tsibirin Garraitz yana tsakiyar ruwa, kwale-kwale na kewaya shi. Da na fito washegari, ruwan ya janye, wata hanyar dutse ta bayyana, mutane na takawa zuwa tsibirin da karnukansu. Sau biyu a yini haka ke faruwa, kuma bambancin tsawon ruwan kan kai mita uku zuwa huɗu. Na cire takalmi na bi su, gansakuka na santsi a ƙarƙashin ƙafata. Wata mata ta tsayar da ni ta nuna agogonta, ta ɗaga yatsu biyu. Ta nufi in dawo kafin awa biyu, in ba haka ba sai dai in jira wata janyewar. Na tsaya a kan tsibirin na waiwayi garin, babbar cocinsa ta dutse da jerin gidaje, na yi tasbihi ga wanda ya sa wa wannan ruwa iyaka da lokaci.

Hanyar Lekeitio zuwa Ondarroa gajera ce amma duk kwana-kwana, itatuwa a dama, rami da teku a hagu. Ondarroa ba ta yi kwalliyar sauran ba. Dogayen benaye ne cunkushe tsakanin dutse da kogin Artibai, da wanki a kowace baranda, da manyan motocin sanyi suna shiga suna fita. Masu yawon buɗe ido kan wuce ta. A ganina ita ce ta fi cancantar a tsaya, don ita ce har yanzu ke rayuwa da kifi, kuma tana cikin manyan tashoshin kamun kifi na duk gaɓar arewacin Sifaniya.

Da yammacin Alhamis na tarar da mata zaune a kan ƙananan kujeru, taru shimfiɗe a gabansu kamar tudu, suna ɗinke inda ya yage da wata allurar roba. Saregileak ake kiransu. Jirgi ba ya fita sai sun gama, ko da kuwa dare ne ko ana sanyi. Akwai kuma neskatilak, masu sauke kifi da jera shi da kai shi wurin sayarwa, yawanci matan gidan masu jirgin. Waɗanda na gani duk sun manyanta. Ban ga budurwa ko ɗaya a cikinsu ba.

Shekarar masuncin gaɓa a nan kashi-kashi take. Ƙarshen sanyi na berdel ne, wani kifi mai zane a baya irin wanda ake kawo mana daskararre. Daga nan sai antxoa, ɗan ƙaramin kifi da bai wuce tsawon yatsa da rabi ba, sannan da zafi a bi tuna da sanda da ƙugiya, ɗaya bayan ɗaya. Na zo a tsakiyar lokacin antxoa. Wannan ɗan kifin ya taɓa kusan ƙarewa saboda yawan kamu, har aka rufe kamunsa gaba ɗaya daga 2005 zuwa 2010. Shekara biyar jirage na ɗaure a lokacin da ya kamata su fi samu. Kifin ya dawo, kuma yanzu kowane jirgi da adadin da aka yanka masa. Ƙungiyar masunta, kofradia, wadda ta girmi kowace gwamnati da ke mulkinsu, ita ke kula da rabon da kuma gwanjo. Aikinta ya yi kama da na sarkin ruwa a wurinmu, sai dai su da takarda da sikeli.

Juma'a tun kafin gari ya waye ina bakin tasha. Jiragen suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, tsuntsaye na bin su. Da dare suke kamun, su kewaye garken kifin da taru su tsuke ƙasansa kamar bakin jaka. Akwatuna suka yi ta fitowa, kifi na ƙyalli cikin ƙanƙara. Gwanjonsu akasin namu ne: daga sama farashi ke farawa yana sauka, wanda ya fara tsayar da shi shi ya saya. Mafi yawa kamfanonin gwangwani ne ke kwasa. A cire kai, a jera a ganga da gishiri, a danne, a bar shi wata shida ko fiye, sannan mata su wanke su cire ƙaya da hannu ɗaya bayan ɗaya su jera a man zaitun. 'Yan Italiya, musamman daga Sisili, su suka kawo wannan sana'a gaɓar nan a ƙarshen ƙarni na 19.

Amma idona ba a kan kifin yake ba. Mutanen da ke miƙo akwatunan daga cikin jirage, da yawansu baƙaƙe ne kamar ni. Na matsa kusa da wani mai furfura a gemu, sanye da wandon roba ruwan lemo, na yi masa sallama. Ya ɗago da sauri ya amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ya tambaye ni da Faransanci daga ina, na ce Nijar. Ya ce in jira shi ya gama.

Mutumin Saint-Louis ne a Senegal, daga unguwar masunta ta Guet Ndar, kuma ya fi shekara ashirin a Ondarroa. Da aka tashi ya ja ni gidansu, hawa na huɗu, inda suke zaune su biyar, duk ma'aikatan jirgi. Tun da jiragen antxoa ba sa fita ƙarshen mako, sauran ranar ta hutu ce. Suka dafa shinkafa da kifi irin tasu, ja da tumatir, da kabeji da rogo da karas a sama, muka kewaye tire ɗaya. Bayan wata biyu ina cin abinci ni kaɗai da cokali mai yatsu, na sa hannu cikin tire tare da mutane. Ya riƙa tura min tsokar kifi gabana yana cewa, "Ci, ƙanena, kai baƙo ne."

Na tambaye shi, "Yaya, me ya raba ka da tekunku, tun da can ma su kuke yi?" Ya ce kakansa masunci ne, ubansa masunci ne, kuma yana yaro ba sa nisa da gaɓa suke cika kwale-kwale. Sannu a hankali manyan jiragen ƙasashen waje suka share ruwan, na Turai da na Asiya, har ya zama sai a kwana biyu a teku a dawo da abin da bai biya kuɗin mai ba. A nan kuma 'ya'yan masunta sun yi karatu sun bar teku, masu jirage na neman hannu. Shi da takardar aiki ya zo. Biyu daga cikin samarin da muke ci tare kuwa ta kwale-kwale suka bi zuwa tsibiran Kanari a 2006, shekarar da mutum fiye da dubu 31 suka isa can ta wannan hanya. Ɗayansu ya ce kwale-kwalen da ya kawo shi na kamun kifi ne, na maƙwabcinsu. Muka yi maganar yarjejeniyar kamun kifi tsakanin Senegal da Tarayyar Turai, wadda ta ƙare a Nuwamba 2024 ba a sabunta ba. Ra'ayinsu ya rabu a kai, har murya ta ɗan tashi, don wasu 'yan'uwansu a jiragen Bask da ke Dakar suke aiki.

Dattijon bai zagi kowa ba. Ya ce mutanen garin sun riƙe su da mutunci, 'yarsa da aka haifa a nan Euskara take yi kamar kowace yarinyar Ondarroa, kuma shi da mai jirginsu sun ga mutuwa tare fiye da sau ɗaya, abin da ke sa mutum biyu su zama 'yan'uwa ko ba sa son haka. Abin da ke damunsa ɗaya ne: gwiwoyinsa sun fara gajiya, kuma gida goma ne a Guet Ndar ke ci daga wannan wandon roba.

Muka yi La'asar a falonsu, shi ya ja mu. Bayan an shafa sai ya ɗauko waya ya ce bai kira gida ba tun da suka sauka, kuma tsohuwarsa ba ta cin abincin rana ranar Juma'a sai ta ji jirginsu ya shigo. Ya kira ta WhatsApp. Fuskar wata tsohuwa ta bayyana, da carbi a hannu, bayanta ana jin hayaniyar yara da ƙarar wani tekun. Suka yi magana da Wolof, ban ji komai ba sai alhamdulillahi da take ta maimaitawa. Sannan ya juyo da wayar wajena ya ce mata ga baƙo daga Nijar, ƙasar da babu teku. Ta kama baki, ta yi tambaya, ya fassara min: wai to ku me kuke ci da shinkafa? Na ce mata wake da mai da yaji, Inna, sai banda idan fatake sun kawo. Ta yi min addu'a mai tsawo, muna ta amsawa da amin.

Ya raka ni tashar bas ta kan tsohuwar gadar dutse. Ruwan kogin ya janye, ƙananan jirage na kwance a kan laka, jingine da juna. A hannuna akwai gwangwani biyu na antxoa da ya cusa min, ya ce ɗaya nawa, ɗaya in kai wa mahaifiyata Damagaram.